Hattara da Kwanan Watan da Kwamfuta ke Ajiye Muku

Wannan kira ne ga duk wanda aikinsa ya haɗa shi da shigar da kwanan wata a kwamfuta a Maraɗi da kewayenta: mai ajiyar magani a likita, sakataren ƙungiyar manoma, ma'aikacin rajistar haihuwa, yaron Alhaji mai riƙe da lissafin sito, da mai buga wa jama'a takardu a bakin titi. Ku tsaya ku duba abin da na'urar ta ajiye a cikinta. Sau da yawa ya sha bamban da abin da yatsunku suka danna, kuma ba za ta yi ƙara ta sanar da ku ba.

Ga kwalin sirinji an buga masa wa'adi 06/30, wato watan Yuni na 2030. Irin waɗannan kwalaye sun fara shigowa, domin kayan likita da yawa suna kai shekara biyar kafin su lalace. Mai ajiya ya buɗe Excel ya danna 06/30 yadda ya gani a jikin kwali. In kwamfutarsa tsohuwa ce mai saitin Faransanci, Yunin 1930 za ta ajiye, amma a allo lamba 30 kawai za ta nuna masa kusa da sunan wata, ya ga daidai ya wuce layi na gaba. In sabuwa ce, za ta ajiye 2030. In kuwa 'yar gwanjo ce da ta zo da saitin Amurka ba wanda ya taɓa shi, za ta karanta lambar a matsayin 30 ga watan Yunin bana. Hannu ɗaya, kwali ɗaya, amsa uku. Ranar da aka ce kwamfuta ta tace kayan da wa'adinsu ya wuce, za ta jero kaya lafiyayyu ta ce sun mutu tun kafin a haifi kakanninmu. Mai ajiyar da ke kusa da sito yana iya tashi ya ɗauko kwalin ya gani da idonsa. Wanda ke zaune a Yamai yana haɗa jimlar jihohi ba ya ganin kwali, lamba kawai ke isa gare shi, kuma a kanta zai yanke shawarar abin da za a aiko da abin da za a ƙona.

Tushen abin shi ne rubuta shekara da lamba biyu. Kwamfuta ba ta san ƙarnin da ake nufi ba, saboda haka aka ja mata layi. A tsohon saitin Windows, daga 00 zuwa 29 na shekarun 2000 ne, daga 30 zuwa 99 na shekarun 1900. Lokacin da aka ja layin, 2030 tana da nisa ƙwarai. Yanzu ga ta a ƙofar gida, har mun fara rubuta ta a wa'adin magani, a ranar biyan bashi, a ranar ƙarewar hayar shago. Sababbin Windows sun matsar da layin, sun mai da shi 1950 zuwa 2049. Wannan ya gyara gaba, ya ɓata baya.

Tsofaffinmu da yawa ba su san ranar haihuwarsu ba, amma sun san abin da ya faru a shekarar. Akwai waɗanda za su ce maka an haife su shekarar da Gulbi ya ci tsohon gari, wato 1945, ambaliyar da ta sa aka tayar da Maraɗi daga fadama aka hau da ita tudu. Tsohuwa irin wannan ta zo a rubuta sunanta cikin masu karɓar tallafi. Ma'aikaci ya gane shekarar, ya danna 45, sabuwar kwamfutarsa ta ajiye 2045. Da aka zo tace waɗanda suka haura shekara sittin, sunanta bai fito ba, domin a lissafin na'ura ba a ma haife ta ba tukuna. Babu wanda ya cire ta, babu wanda ya ci amanarta, kuma babu wanda za ta kai ƙara. Za a ce mata, "Inna, ki yi haƙuri, sunanki bai fito ba," ta kama sandarta ta koma gida.

Na san abin da wasu za su ce: ai an yi ta wannan hayaniya a 1999, aka ce jirage za su faɗo, bankuna za su rufe, shekarar 2000 ta shigo ko kaza ba ta mutu ba. Gaskiya ne ba a ga babbar ɓarna ba, amma dalilin shi ne ƙasashe da kamfanoni sun kwashe shekaru suna kashe dukiya mai yawa suna gyara kafin ranar ta zo. Mu kuma a lokacin kusan duk lissafinmu yana cikin littafi. Inda aka yi sake an gani. A watan Janairun 2010 katunan banki kusan miliyan 30 suka ƙi aiki a Jamus saboda ɗan guntun da ke jikinsu ya kasa karanta sabuwar shekara. A ranar 1 ga Janairun 2022 saƙonnin imel suka maƙale a ofisoshin da ke amfani da Exchange na Microsoft, domin lambar kwanan watan ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata. A ranar 29 ga Fabrairun 2024 famfunan mai masu karɓar kati suka tsaya a gidajen mai da dama a ƙasar Niyu Zilan, na'urar ba ta san akwai wannan rana ba. Wata 29 ga Fabrairu tana tafe a 2028. Waɗancan ƙasashe suna da injiniyoyin da za su kwana a kan matsala su warware ta. Kuma tasu ta zo da sauƙi ta wata fuska: na'ura ta tsaya cik, kowa ya san an sami matsala. Tamu ba ta tsayawa, ci gaba take da aiki tana tara ƙarya.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce juyewar rana da wata. Mu a Nijar rana muke fara rubutawa, sai wata, sai shekara. Amurkawa da wata suke farawa. Kwamfutocin gwanjo da ke shigo mana ta Lome da Kwatano da Kano, da yawansu da saitin Amurka suke zuwa, mai gyara ya ɗora musu abin da ya samu ya miƙa wa mai saye. Ka danna 03/04/2026 kana nufin 3 ga Afrilu, ta ajiye 4 ga Maris. Ka danna 25/04/2026, ta duba ta ga babu wata na ashirin da biyar, ta bar shi haka a matsayin rubutu kawai, ba ta lissafi da shi. Ke nan a rajista guda, ranakun 1 zuwa 12 na kowane wata sun juye, ranakun 13 zuwa sama sun zama gawa. Ido ba ya kama wannan da sauri, domin duk layukan kama suke da juna. Amma akwai alama ga mai lura: Excel yana jingina kwanan watan da ya gane a gefen dama na gurbi, wanda ya ɗauka rubutu ne kuma a gefen hagu. In ka buɗe rajistarka ka ga kwanaki wasu sun jingina dama wasu hagu, to ka san ɓarna ta riga ta shiga.

A fahimta, fayil ɗin da aka shigar daidai ba ya lalacewa don kawai an buɗe shi a wata kwamfuta. Ɓarnar tana faruwa ne a lokacin dannawa, ko lokacin da aka kwafo jerin kwanaki daga saƙon WhatsApp, ko aka buɗe fayil irin na CSV da manhajojin tattara bayanai na salula ke fitarwa. Kuma haka muke aiki kullum. Rahoto ya tashi daga Tibiri ya tafi Gidan Rumji, na Jiratawa ya tafi Madarunfa, a haɗa su a turo Maraɗi, daga nan a wuce da su Yamai. A kowane zango wani yana kwafa yana liƙawa, yana haɗa fayil goma ya mai da su ɗaya. Kwamfuta guda mai karkataccen saiti a tsakiyar wannan hanya ta isa ta gurɓata aikin mutum hamsin da suka yi nasu daidai. Bayan an haɗa kuma, babu mai iya duban 04/03 ya rantse ko asalinsa ne ko juyayye.

Ku auna abin da wannan ke nufi a inda kwana ke da nauyi. Allurar rigakafin jarirai ana yin ta a mako na 6, na 10 da na 14. Ledar jini ba ta wuce kwana 35 zuwa 42 a firji. A fadamar Jiratawa, inda ake noman rani a fili mai kimanin hekta 500 tun farkon shekarun 1980, duk ƙungiyar manoman da ta koma rubuta bashin taki da kuɗin ruwa a kwamfuta tana cikin wannan haɗari. Manomi ya karɓi taki da alkawarin biya 01/12, wato 1 ga Disamba bayan ya girbe ya sayar. Na'ura ta juya shi 12 ga Janairun shekarar, ranar da ta wuce tun kafin ya karɓi takin. Sunansa ya hau jerin masu taurin bashi, a hana shi na gaba, a yi ta rantse-rantse a gaban taro. Mutane sun yarda magatakarda yana iya kuskure, amma da wuya su yarda inji ya yi.

Sai agogon kwamfutar kanta. A cikin kowace akwai ɗan ƙaramin batir zagayayye, yawanci mai lamba CR2032, wanda aikinsa riƙe lokaci in an kashe ta. Yana yin 'yan shekaru ya ƙare, kuma ya fi saurin ƙarewa in kwamfutar tana daɗewa babu wuta a jikinta. 'Yar gwanjo ta riga ta cinye rabin ransa kafin ta iso. Ku tuna kuma da watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke shigo mana ta layin Katsina zuwa Gazawa, na'urori suka riƙa kwana suna wuni a kashe. In batirin ya mutu, duk sanda aka kunna kwamfuta sai ta koma ranar da aka dasa mata a masana'anta. Wadda ke kan intanet tana iya gyara kanta. Wadda ke ofishin ƙauye babu intanet, haka za ta yi ta zama a shekarar da ta ga dama.

Na taɓa tsayawa jiran a buga mini takarda a wani shagon buga takardu kusa da kasuwa. A gabana akwai wani dattijo da jikansa ɗan lakkol, sun zo a buga musu shaidar sayen fili. Aka buga, aka miƙa wa dattijon, ya ninke zai sa a aljihu. Yaron ya karɓa ya duba ya ce, "Kaka, nan an sa 2009." Mai shagon ya leƙo ya ce, "Ba komi Baba, inji ne ke sa haka." Ya goge shekarar a allo, ya rubuta daidai, ya sake bugawa. Agogon kwamfutar kuwa bai taɓa shi ba, ya kira na gaba. Da yaron bai biyo kakansa ba, da takardar ta tafi gida da kwanan watan da ya girmi cinikin da shekaru masu yawa. Wanda ya taɓa zama a fadar Sarkin Gobir a Tibiri ko ta Sarkin Katsina a Maraɗi ranar da ake sasanta rikicin gona ya san abin da ake fara tambaya in takarda biyu suka haɗu a kan fili ɗaya: wacce ta riga? Takarda mai kwanan watan da ba zai yiwu ba, ko da mai ita ke da gaskiya, ta ba abokin husumarsa makami.

Akwai kuma masu ja da agogo baya da gangan. Wasu masu gyara suna yin haka don manhajar da wa'adinta ya ƙare ta ci gaba da aiki, ba sa gaya wa mai kwamfuta. Daga ranar duk rasidin da ya fito, duk fayil ɗin da aka ajiye, da ƙarya a goshinsa. Irin wannan kwamfuta in an haɗa ta da intanet shafuka da yawa suna ƙin buɗewa, domin takardar amincin shafin tana da ranar farawa da ta ƙarewa, in agogonka ya faɗa waje da su sai ta ƙi ka. Mutum ya yi ta zagin kamfanin waya yana ƙara sayen kati, alhali laifin yana kusurwar allonsa. Wani tarkon shi ne kwanan wata mai sabunta kansa da ake sawa a Word ko Excel: rasidin da aka yi a watan Maris, in aka sake buɗe shi a Satumba don a buga wa mai shi kwafi, sai ya fito da ranar Satumba.

Duk waɗannan a hannunmu suke. Akwai wata irin matsala da ke zaune a cikin ƙirar na'ura. Wanda ya taɓa shiga tsohuwar Fijo a hanyar Ɗan Isa ya san ma'aunin kilomita da in ya kai 99999 sai ya koma 00000, motar da ta gama yawon duniya ta zama kamar yau aka fito da ita. Na'urori da yawa haka suke ƙirga lokaci, kuma maƙwabtanmu sun ɗanɗana a 2024. Katin mitar wuta mai lamba 20, na tsarin da ake kira STS, yana ɗauke da lambar mintin da aka saye shi, don kada a yi amfani da kati ɗaya sau biyu. An fara ƙirgar daga 1 ga Janairun 1993, gurbin kuma minti 16,777,216 kawai yake ɗauka. Ya cika ranar 24 ga Nuwamban 2024. Kamfanonin wuta, har da KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, sun yi ta kira ga jama'a su shigar da wasu lambobi biyu na musamman a mitarsu kafin ranar, in ba haka ba ta daina karɓar sabon kati. An san da wannan rana shekaru da yawa kafin ta zo, amma a Afirka ta Kudu sai da aka ga dogayen layuka a ofisoshin wuta a kwanakin ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabuwar ƙirgar ma daga 2014 ta fara, za ta cika a 2045.

Babbar cikinsu ita ce ta 2038. Na'urori masu tarin yawa suna ƙirga daƙiƙa tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma masu tsohon gurbi ba sa iya wuce 2,147,483,647. Za a kai wannan lamba ranar Talata 19 ga Janairun 2038, ƙarfe 4:14 na asuba agogon Nijar. Daƙiƙa ɗaya bayan nan, na'urar da ba a gyara ba za ta ce ana 13 ga Disamban 1901, kafin Turawan Ingila su shiga Kano da Sakkwato. A cikin shekarar kuma, a watan Nuwamba, ƙirgar makonni ta GPS za ta sake zagayowa, kamar yadda ta yi a Agustan 1999 da Afrilun 2019, lokacin da wasu tsofaffin na'urori suka koma nuna ranar da ta wuce da kusan shekara ashirin. Sababbin salula da kwamfutoci sun tsallake matsalar 2038, an faɗaɗa musu gurbi. Abin dubawa shi ne ƙananan na'urorin da ake kafawa a manta da su: mai sarrafa famfon rijiyar burtsatse, akwatin wutar sola, injin gwajin jini, na'urar ajiye hoton kyamarar tsaro, sikelin auna manyan motoci, har da na'urorin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Abin da aka saya yau da kuɗi mai yawa ana sa ran ya kai shekara goma sha biyar ko ashirin yana aiki, mu kuma ba ma yar da inji sai ya ƙi tashi sam. Ba kowace ke da wannan lahani ba, shi ya sa ya zama dole duk mai sayen irin wannan kaya, ɗan kasuwa ne ko hukuma, ya tambayi mai sayarwa ko na'urar tana wuce 2038, ya sa a rubuta amsar a cikin takardar ciniki. Mai kaya da ya yi dariya ya ce "Alhaji, wa ya san gawar fari," a bar masa kayansa.

Wani abin da ya kamata hukumomi su daidaita baki a kansa shi ne mutanen da takardarsu ta ce an haife su wajen shekara kaza, babu rana babu wata. Kwamfuta ba ta karɓar gurbi a buɗe, sai wani ofis ya cika da 01/01, wani ya cika da 31/12. Mutum ɗaya ya zama biyu, tsakaninsu kusan shekara guda, kuma ba ya sani sai ranar neman fansho ko fasfon tafiya Makka. Haka ma masu rubuta takardar aure ko ta bashi da watan Musulunci, kada su dogara da abin da salula ta nuna. Kalandar waya lissafi ce da aka tsara, yawanci ta Saudiyya, mu kuwa da ganin wata muke aiki. A 2024 Nijar ta yi ƙaramar Salla ranar Talata 9 ga Afrilu, Najeriya sai Laraba, ke nan Ɗan Isa da Jibiya ba su kwana a rana ɗaya ta wata ba. A rubuta na Musulunci da na boko gefe da gefe, a ƙara da sunan ranar. Sunan rana yana kama kuskuren da lamba ke ɓoyewa.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗin da za a jira daga waje. Kowace safiya, kafin a buga ko layi ɗaya, a dubi kusurwar allo a tabbatar da rana da wata da shekara. Kwamfutar da ke mantuwa a canja mata batir a ranar, kuɗinsa kaɗan ne. Dukkan kwamfutocin ofis ɗaya a sa su a saitin ƙasa iri ɗaya. Shekara a rubuta ta da lamba huɗu ko da ana sauri, wata kuma a sa ya fito da sunansa a allo da kan takarda. Mai son gwada na'ura ko tana wuce 2038 ya gwada a kan wadda ba ta cikin aiki, bayan ya kwafe abin da ke cikinta, kada ya taɓa agogon injin da ke riƙe da bayanan marasa lafiya. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo za su iya zagaya ofisoshin Maraɗi da Tibiri da Jiratawa a lokacin hutu su yi wannan bincike, in an ba su izini da kuɗin kabu-kabu.

Abin da ya riga ya shiga kuwa, da littafi kaɗai ake iya gyara shi. Saboda haka kada wanda ya yar da tsohuwar rajistar takarda, ko ya bar ta ga gara, don an ce an shigar da komi a kwamfuta. A ɗauko ta a ajiye gefen allo, a fara da layukan da ranarsu ba ta wuce 12 ba, sannan a jera shekaru daga ƙarama zuwa babba a ga ko 1930 ko 2045 sun ɓuya a wani wuri. Wanda ya gyara ya sa sunansa da ranar da ya gyara. In fayil ɗin ya riga ya tafi Madarunfa ko Gidan Rumji ko Yamai, a kira wanda aka aika wa a waya, a gaya masa ya janye tsohon kafin ya haɗa shi da na sauran garuruwa.